Hutunmu a Jos: Zumunta a Ƙafa Ta Ke

 Yau labarin tafiya na kawo muku. A ƙarshen watan Agusta na 2025, sa'ad da makarantu su ke dogon hutu, ni da maigidana muka tashi daga Zariya muka yi kwana 6 a Jos. Na ga ya kamata in ba ku labarin abin da na gani, da abin da na ci, da mutanen da na gaisa da su, domin na san da yawa daga cikinku in an ambaci Jos, tsoro ne ke fara zuwa zuciyarku. Ni ma haka na ke kafin in je.

Ga dalilin tafiyar. Sa'ad da na ke kwalejin horon malamai, shekara 3 muna ɗaki guda da wata yarinya Kirista, 'yar ƙabilar Birom. Tukunyarmu ɗaya. In azumi ya zo ita ke tashe ni sahur, don ni nauyin barci gare ni, ran Lahadi kuwa ni ke goge mata kayan zuwa coci. Da bikina ya zo ta taho Zariya ta kwana 3 tana hidima kamar 'yar gida. Ta yi aure ban je ba. Ta haihu ban je barka ba. Kullum sai in aika da uzuri ta waya. Rannan ta ce mini, "Ƙawata, ki daina wahalar neman dalili. Na san abin da ya hana ki, ban kuwa ga laifinki ba." Wallahi wannan magana ta hana ni barci.

Da na gaya wa Malam, watau maigidana, wanda shi ma malamin makaranta ne, sai ya ce, "Malama, shekara nawa kina zana wa yara tsaunin Filato a allo? Kin taɓa taka shi?" Muka yi shawara, kowa ya riƙa ajiye ɗan abin da ya samu daga albashi, ni kuma na roƙi ɗibar adashina ta faɗo a watan Agusta.

Saura Hajiya surukata. Da ta ji, sai ta ce, "Ku da hankalinku? Ba ku ji abin da ya sami mutanenmu ba?" Tana da gaskiya, ba zan ɓoye muku ba. A watan Yuni na 2025 an tare 'yan biki daga Zariya a ƙasar Mangu, an kashe waɗansu daga cikinsu. Mutanen ƙauyukan Filato su ma sun sha hari, kamar wanda aka kai ƙasar Bokkos a Disamba na 2023, inda rayuka masu yawa suka salwanta. Malam ya lallashe ta, ya ɗaukar mata alkawari 3: ba za mu yi tafiyar dare ba, za mu sauka gidan amininsa, ba kuma za mu fita ko'ina ba sai da ɗan gari. Ta ce, "To, ku buga mini waya safe da yamma. Allah ya kiyaye hanya."

Hanya

Muka shiga mota da sassafe. Daga Zariya zuwa Jos kamar kilomita 240 ne, a kan bi ta Pambeguwa da Saminaka, inda masara ta rufe ƙasa hagu da dama har iyakar ganin ido. Bayan an wuce Jengre sai mota ta fara hawa, duwatsu suka fara fitowa, iska ta sāke. Na jawo mayafi na ƙudundune. Ku 'yan makaranta, ga dalili: Jos tana bisa tudu mai tsawon kamar mita 1,200 daga bakin teku, kusan ninkin na Zariya, kowace mita 1,000 kuwa da mutum ya hau, zafi kan ragu da kamar digiri 6. Na sha rubuta wannan a allo, amma sai ran nan fatata ta karanta shi.

Aminin Malam yana zaune a wata unguwar Musulmi ta wajen hanyar Bauci. Uwargidansa ta karɓe ni hannu biyu biyu. Da dare ta kawo mini bargo mai kauri, da asuba kuma ta ɗora mini ruwan alwala a wuta. A watan Agusta fa! Na yi dariya da ta kawo, da na taɓa ruwan randa sai na yi godiya.

A nan na fara gane yadda garin ya ke. Tun rikicin Satumba na 2001, da na Nuwamba na 2008, da na Janairu na 2010, mutane da yawa sun sayar da gidajensu ko sun yi musaya, kowa ya koma cikin 'yan addininsa. Kasuwa da ofis da asibiti suna haɗa jama'a da rana, in magariba ta yi kowa ya nufi ɓangarensa. Saboda haka da na buga wa ƙawata waya, ita ba ta ce za ta zo masaukinmu ba, ni ma ban ce zan je gidanta ba. Muka yi alkawarin gamuwa a gidan kayan tarihi, a tsakiyar gari.

Gidan Kayan Tarihi

Wanshekare muka same ta a bakin ƙofa, da goyonta, da maigidanta. Ba sai na gaya muku irin ihun da muka yi ba, har mazan suka juya baya suna dariya.

An buɗe wannan gida a 1952, wani Bature mai suna Bernard Fagg ne ya kafa shi. Abin da ya fi shahara a ciki shi ne kawunan yumɓu na Nok. An fara tono irinsu a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kai daga wajen Jama'a, wanda wani mutum ya kafa a gonarsa ta doya don ya tsorata masu ɓarna. Ashe abin da ya mayar mutum-mutumin gona ya haura shekara 2,000 a duniya! Ni abin da ya tsayar da ni shi ne kitsonsu. Ga tukkaye, ga zane, ga duwatsun ado jere a wuya. Na ce wa ƙawata, "Ashe gayu ba yau aka fara ba." Idanu da hanci da baki duk a huje su ke, wannan kuwa ya kan taimaki tururi ya fita lokacin gashi, kada yumɓun ya fashe. Kowace mai ginin tukunya ta san wannan dabara.

Akwai kuma sashen tukwane, inda aka tara randuna da tuluna da kaskuna daga ƙabilu iri iri na Nijeriya. Wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ita ta yi wahalar tattaro da yawa daga cikinsu. Ku tuna galibin wannan aiki hannun mata ne ya yi shi, mata irin Ladi Kwali wadda hotonta ke bayan takardar naira 20.

Daga nan muka zaga fili inda aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya da jar ƙasa, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen 1830 da 'yan kai. Abin kunya, ni haifaffiyar Zariya ban taɓa ganin cikin na garinmu ba. Sai da na zo Jos, wata Kirista tana riƙe da hannuna, na ɗaga kai na ga yadda bakan gizo ke ɗauke da rufi ba ƙarfe ba siminti.

Kafin mu fita Malam ya daɗe tsaye gaban wani tsohon kan jirgin ƙasa, ɗan ƙarami. Na ƙaramar hanyar dogo ce da ta haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957, don jigilar kuza. Kuza ita ta gina Jos, ita ta kawo Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauran jama'a suka zauna tare da 'yan ƙasa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai gwamnatin Turawa ta sa aka riƙa ɗibar maza daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan Filato, har 1944. Da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. Kakan Malam yana cikin waɗanda aka ɗiba, ya komo da tarin da bai rabu da shi ba har ya rasu. Ban taɓa jin wannan labari ba sai ran nan, ga shi muna shekara 3 da aure. Tafiya ta kan buɗe bakin maigida, 'yan'uwa.

Hawan Dutsen Shere

Rana ta uku muka nufi duwatsun Shere, gabas da gari, tafiyar kamar kilomita 10, a ƙasar Afizere waɗanda mu ke kira Jarawa. Ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Mijin ƙawata ne jagora, aminin Malam ma ya biyo mu. Su biyun gari ɗaya aka haife su, amma ran nan suka fara gaisawa.

Ku ji wautata. Na fito da zane da takalmi mai santsi kamar mai zuwa suna. Allah ya sa ƙawata ta san halina, ta aiko mini da takalmin kambas da wando mai kauri, na sa a ƙarƙashin dogon hijabina. Da farko ina gaba ina waƙa. Bayan rabin sa'a numfashi ya fara gagarata, gwiwoyi suna rawa. Dutsen damina santsi gare shi, wani wuri sai da rarrafe. Sau biyu na ce na fasa. Malam ya miƙo hannu ya ce, "Malama, sannu ba ta hana zuwa." Na duba ko mutane suna kallo, sa'an nan na kama.

Ba mu kai ƙololuwa ba, gaskiya ɗaya ce. Hadari ya taso, jagoranmu ya ce ba a wasa da tsawa a kan dutse. Amma inda muka tsaya ya isa. Ga garin Jos shimfiɗe a ƙasa, ga gonaki kore shar da shingen ƙerana kewaye da gidaje, ga hazo yana wucewa ta gabanmu kamar hayaƙin murhu. Ko'ina kuma sai ka hango ruwa yana ƙyalli. Waɗannan tsofaffin ramukan kuza ne, ɗaruruwansu, ruwa ya cika su. Da su a ke noman rani na kabeji da karas da latas, amma zurfi gare su, iyaye ba sa barin yara su yi wanka a ciki.

A nan na tuna da darasin da na ke bai wa 'yan aji. Ruwan da ke sauka a wannan tudu hanya 3 ya ke kamawa. Wani ya bi Kogin Kaduna ya faɗa Neja, wani ya bi Gongola ya faɗa Binuwai, wani kuma ya bi Dilimi da ke ratsa Jos, ya gangara Jama'are, ya nufi Tafkin Cadi. Na faɗa wa mazan haka, aminin Malam ya ce, "Ashe har a kan dutse ba za mu tsira daga darasi ba." Muka sauko a guje, ruwa ya jiƙa mu sharkaf, muna ta dariya kamar yara.

Cin Abinci a Waje

Da yamma Malam ya ce yau ba wadda za ta hura wuta. Ya kai mu wani gidan abinci kusa da tafkin Rayfield, wanda shi ma ramin kuza ne a dā. Tunda aka yi aurenmu ban taɓa zama tebur ɗaya da shi a gaban jama'a ba. Aka kawo gasasshen kifi da soyayyen dankalin Turawa, kunya ta hana ni miƙa hannu. Uwargidan masaukinmu ta zungure ni ta ce, "Amarya, ci mana, ba wanda ya san ki a nan." Malam da kansa ya cire mini ƙaya. Kuɗin da aka biya ya kai cefanen gidanmu na kwana 3, na lissafa a zuci. Ba abin yi ba ne kullum, amma macen da ke tsugune gaban murhu kwana 365 a shekara, in an dafa an kawo mata sau ɗaya, ba almubazzaranci ba ne. Ku karanta wa masu gidanku wannan wuri da ƙarfi.

Gidan Ƙawata

Rana ta huɗu ita ce ranar da na zo dominta, ita ce kuma wadda na fi tsoro. Ƙawata tana zaune ta wajen hanyar Bukuru, unguwar da ba Musulmi. Uwargidan masaukinmu ta ba ni shawara in ajiye hijabi in yafa gyale. Na buga waya na tambaya. Ƙawata ta ce, "Ki zo yadda na san ki. Maigidana zai zo ya ɗauke ku, shi zai mayar da ku." Na tafi da hijabina, gabana yana faɗuwa. Da muka sauka daga mota, yaran unguwa suka dube ni, wata 'yar ƙarama ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa." Iyakar abin da ya same ni ke nan.

Mahaifiyarta, wadda mu ke kira Mama, ta zo musamman don ta gan ni. Hausarta ta fi tawa daɗi, domin a nan da Hausa a ke ciniki, da ita kuma a ke wa'azi a coci da yawa. Ta ce, "'Yata, ki ci hankali kwance. Kazar nan wajen mahauci Musulmi na kai aka yanka." Ta yi mana gwate, ɗan'uwan fatenmu na Zazzau, sai dai da acca aka yi shi, da alayyafo da yakuwa da gauta da ƙashi. Ta nuna mini yadda a ke rairaye acca a ƙwarya sau da yawa, don in an yi ganda tsakuwa za a tauna. Da azahar ta yi, kafin in tambaya an kawo buta da sabuwar tabarma, an nuna mana gabas.

Muna cikin hira ta tambayi inda muka sauka. Da na faɗi sunan unguwar sai ta yi shiru. Can ta ce, "A nan na yi zaman aure shekara 11. A nan na haifi ƙawarki." Ta ce ran da rikicin 2001 ya tashi, maƙwabciyarta, wata Bahaushiya mai tuyar ƙosai, ta ja ta cikin ɗakinta ita da yara, ta ɓoye su kwana 2, har ta goya jaririyar a bayanta don kada kukanta ya tona su. Da ƙura ta lafa aka fitar da su, ba su sake komawa ba. A shekarar nan wayar hannu ta shigo ƙasar nan, sai masu hali ke da ita, saboda haka ba wadda ta karɓi lambar wata. Shekara 24 ke nan, gari ɗaya, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a mota ba. Ta ce, "Ko sannu ban tsaya na yi mata ba. In tana da rai, ki kai mata gaisuwata." Ta haɗa mini kwandon dankali da mudu 2 na acca.

Saƙon Mama

Da na kwatanta wa uwargidan masaukinmu, sai ta ce, "Ai Iya mai ƙosai ce, ta bayan masallaci. Ta daina tuya, ido ya yi rauni." Da safe muka je. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kwando, na faɗi wadda ta aiko ni. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, sāke faɗa." Na sāke. Ta ce, "Jaririyar fa, ta rayu?" Na ce, "Iya, ta rayu, malamar makaranta ce, ga hoton ɗanta." Na buga wa Mama waya na sa mata a kunne. Abin da suka ce wa juna nasu ne, ni dai na fita tsakar gida na share hawayena. Da za mu tafi ta ba ni daddawa da kuka, da turmin atamfa da ta ciro daga ƙasan akwati, ta ce na goyon jikanta ne. Ran komawarmu mijin ƙawata ya zo tasha ya karɓa, aminin Malam ya riƙe masa kaya har bakin mota, suka yi musayar lamba.

To, 'yan'uwa, ban ce muku Filato ta zauna lafiya ƙalau ba. Akwai inda masu masaukinmu suka ce kada mu je, ba mu kuwa je ba. Wadda Allah ya nufa da irin wannan tafiya, ta nemi yardar manya, ta bi rana, ta sauka wurin wanda ta sani, ta ji maganar 'yan gari. Ta tafi da rigar sanyi da laima da takalmi mai kama ƙasa, ta kuma riƙe tsarabar garinsu, don ba a shiga gidan mutane hannu rabbana.

Ku kuma 'yan makaranta, wadda ku ke kwana ɗaki ɗaya da ita yau, ko daga ina ta fito, ku riƙe lambarta, ku san sunan unguwarsu da na mahaifiyarta. In ta yi aure ku je, in ta haihu ku je. Ni na yi jinkirin shekara 2, na ga kuma waɗanda jinkirinsu ya kai 24.

Da muka komo, Hajiya ta sa na ba ta labarin Iya mai ƙosai har sau biyu. Ta ci gwaten da na gwada yi, ta ce yakuwa ta yi yawa, sa'an nan ta ce in ƙawata za ta zo Zariya, a ɗakinta za ta sauka. Mun sa rana, hutun Kirsimeti in Allah ya kai mu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya bar zumunci, amin. Sai wani mako.